Ranar da Aka Tsallake Dede a Ƙirga

An ce in yi haƙuri. Duk wanda ya shigo gaishe ni kwanakin nan, kafin ya zauna sai ya ce, "Mama, a yi haƙuri, zamani ne." To, na ji. Amma haƙuri ba zai rufe mini baki ba, don na lura yaran yanzu gani suke ranar da suka karɓi takarda ranar aka halicci Asabar. Ni a garin nan aka haife ni, a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan, ɗaki na uku daga famfo. Jirgi ne ya kawo iyayenmu daga gabas, aiki ya zaunar da su, mu kuwa muka tashi da Hausa a baki, Igbo sai in za a yi mana faɗa ko za a yi addu'a. Mu biyu muka rage daga wannan ɗaki, ni da yayana, wanda nake kira Dede yadda ake kiran babban wa a wurinmu. A kansa zan yi magana, shi da jikana, ɗan 'yata, wanda shi ke jan addu'a a majami'armu yanzu.

Mutanen gari 'yan Asabar suke kiranmu, mu ma haka muke kiran kanmu. Gidaje kaɗan ne, amma Jumma'armu duk kwatas sai an san ta zo. Tun safe ake jin dukan wanki a bakin famfo, fararen riguna a kan igiya daga wannan bango zuwa wancan, dutsen guga na gawayi yana yawo daga ɗaki zuwa ɗaki, kowace uwa tana ƙwala wa 'yarta kira. Jiniyar loko, garejin injunan jirgi, ta yi kuka, injuna suna huci, mu muna gudu da tulu. Baba fita ne a loko, mai gyaran injin, yana da agogon aljihu mai sarƙa, amma ran Jumma'a ba ya duba shi. Tankin ruwan jirgi yake kallo. Da rana ta sauko ta zauna a kan tankin nan sai ya tafa hannu sau ɗaya ya ce, "Abin da bai ƙare ba ya jira." Na taɓa barin kitso rabi a kaina har washegari da yamma saboda wannan tafin. Ba a kunna wuta, ba a sharar ɗaki, ba a tsinke ko ganye. Aikin Asabar na loko kuwa abokan Baba Kiristoci ke ɗaukar masa, shi ya ɗauki Lahadinsu su tafi coci. Ba wanda ya rubuta wannan a takarda, kuma ban taɓa jin an saɓa ba.

Abincin Asabar shi ne abin da na fi tunawa, kuma shi ne abu na farko da yaran nan suka zubar mana a ƙasa. Tun da ba a hura wuta, iyayenmu mata suka samo dabara. A bayan loko akwai ɗakin da ake busar da yashi, wanda injin ke zubawa a kan dogo in zai hau tudu da damina don kada ƙafarsa ta zame. Yashin nan kullum da zafi yake, dare da rana. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne mutumin Fadan Kaje, dattijon coci, mai fara'a. Da la'asar ɗin Jumma'a sai a ga matanmu a jere da tukwane a ka, wake da manja da busasshen kifi, wani lokaci faten acca, an ɗaure murfi da tsumma. Ya tona musu rami da shebur, su binne tukwanen har wuya, kowace ta soka tsinke mai ƙyallen zanenta don kada a yi musaya. Yakan ce wa Mama, uwarmu, "Madam, naki yana kusa da bango, wurin ya fi ɗumi." Washegari bayan addu'a mu 'yan mata mu je mu tono, mu ɗauko da ganwo, tururi yana tashi. Wake ya kwana a yashi ya yi laushi har ba sai an tauna ba. Wani lokaci ka ji ƙurus a haƙori, ka haɗiye abinka ba ka ce komai ba. Tun da na girma na dafa wake a risho, na dafa a gas, ban sake samun wannan ɗanɗano ba.

Ɗakin addu'armu na laka ne, rufin kwano, a ƙarshen kwatas kusa da gonar rogo. Takalma a waje, maza a benci ta dama, mata ta hagu, yara a tabarma a tsakiya inda kowa zai iya kai musu ranƙwashi. Ba ganga, ba kacau-kacau, murya ce kawai. Zabura muke rerawa da Igbo, jirgin kaya ya zo wucewa ya rufe mu da ƙara, mu ci gaba da motsa baki har ya wuce, a tarar ba wanda ya ɓace daga baitin. Ba mu da naɗaɗɗen littafi, ba mu san harafin Ibraniyanci ko ɗaya ba. Abin da muka sani shi ne Allah ya huta a rana ta bakwai, ya ce a huta, kuma ba mu ga inda ya janye maganarsa ba.

Dede yana saurayi, gemu bai gama fito masa ba, Baba ya yi ta kai da kawo har aka ɗauke shi fayaman, mai zuba wa injin kwal. Ranar da ya shigo kwatas da kakin aiki Mama har da rawa a tsakar gida. Aiki ne da ake hawa daga shi a zama direba, direba kuwa a lokacin ko a kasuwa sai an ba shi hanya. Bai cika shekara ba abin ya faru. Wata Jumma'a da damina suka taso daga Kaduna da jirgin kaya, ya kamata su iso da azahar. Ruwa ya ci wani wuri a hanya, suka yi ta jira, ba su kai Zonkwa ba sai da rana ta yi ja. Mu a gida mun gama binne tukwane, Baba ya tafa hannu, ba Dede. Can muka ji usur ɗin injinsu, Mama ta ce ga shi nan. Sai ga direban da kansa a ƙofarmu, fuska baƙi ƙirin da kwal, yana huci kamar injin da ya bari. Ya ce yaronmu ya haukace. Wai suna tsaye a Zonkwa ana ba su hannu su tashi, sai ya jingine shebur, ya ɗauki kwanon abincinsa ya sauka. Direban ya ce masa, "Kai, Kafanchan ga shi nan, awa ɗaya bai kai ba!" Shi kuwa ya ce, "Oga, rana ya kusa faɗi. Ba zan taɓa wuta ba, ba zan hau ba." Dole direba da gadin jirgin suka yi ta karɓa-karɓa da shebur har suka iso.

Mama ta ɗora hannu a ka za ta fasa kuka. Baba ya dube ta, ta haɗiye, don ba a kuka ran Asabar. Ya juya wurin direban, tambaya ɗaya ya yi masa: "Kafin rana ta faɗi ya sauka, ko bayan ta faɗi?" Mutumin ya buɗe baki yana kallonsa, ya ce, "Kafin." Baba ya ce, "To, mun gode. Ka gaida gida." Wannan Asabar ba wanda ya ci waken kirki a ɗakinmu. Ba a tafiya, ba a aika yaro, ba mu san inda ya kwana ba, ba mu san ko ya ci abinci ba. Ashe wani manomi ne a bayan tashar ya ba shi rumfa da dafaffen gwaza, ya wuni a zaune yana rera zaburarsa shi kaɗai. Ran Lahadi da la'asar ya shigo kwatas, ya biyo dogo da ƙafa tun daga Zonkwa, ƙafafun sun kumbura, takalmi a hannu. Baba, mutumin da ko kofin ruwa bai taɓa miƙa wa ɗayanmu ba, shi ya ɗora ruwa a wuta, ya durƙusa ya gasa masa ƙafa. Ran Litinin aka karɓe kakin. Ban ga laifinsu ba, ba a barin injin a hanya. Asabar da ta biyo, Dede ya nufi tabarmar yara kamar kullum, Baba ya kama hannunsa ya zaunar da shi a bencin maza, kusa da shi.

Daga nan bai sake aikin albashi ba. Gyaran fitila da risho ya koya, a wata 'yar rumfa a kasuwa, a nan ya tsufa. Shekarar da rikici ya sa muka gudu gabas da abin da hannu ya iya ɗauka, da shekarar da muka dawo muka tarar da wasu a ɗakinmu, duk bai sha Asabar ko ɗaya ba. Da iyayenmu suka rasu, shi ya riƙe jama'a. Shi ne ya zauna da littafi shekara da shekaru, ya tashi wata rana ya ce mana hanyar da muke bi tana da suna, Yahudanci, kuma mu bi ta gaba ɗaya ko mu bari. Wasu suka yi fushi suka koma coci. Shi ya yi ta rubuta wasiƙu ƙasashen waje har aka fara aiko masa da 'yan littattafai, ya koyi Ibraniyanci shi kaɗai a rumfar fitila, da alli a bayan faranti. Shi ya sa aka ɗinka mayafin addu'a mai geza, shi ya gina majami'ar bulo da muke ciki. Jikan nan nawa a kan cinyarsa ya koyi harafi na farko, yana zubar masa da yawu a riga.

Sai ga zamani. Yara suka samu waya, suka fara jin yadda ake yi a wasu wurare, kullum da sabuwar doka. Ban ƙi ba, ilimi ne. Amma wata rana ina ba su labarin tukwanen yashi, jikana ya yi murmushi irin na wanda ya fi ka sani ya ce, "Mama, kin san ɗaukan tukunya daga loko zuwa gida ran Shabat haramun ne? Kaya ne kuka ɗauka a titi. Duk wannan Shabat ɗin kun karya shi." Shabat, wai. Mu da muka ce Asabar ashe ko sunan ba mu iya ba. Na ce masa uwata da ta hana kanta kuka ranar da ba ta san ko ɗanta yana da rai ba, ita ce ta karya Asabar da tukunyar wake? Ya ce ba haka yake nufi ba. Haka yake nufi mana.

Bayan haka aka ce wasu malamai za su zo daga ƙasar waje su sauka a babban birni, duk mai so a san shi Bayahude ne a ko'ina sai ya je, a yi masa tambayoyi, a nutsar da shi a kogi, a ba shi satifiket. Samari suka cika mota suka tafi. Dede ya ce ba inda za shi. Ya ce, "Ni na gina ɗakin, in je in roƙi izinin shiga?" Na goyi bayansa, ko da yake na san taurin kai ma yana ciki, don mutumin nan ko maganin tari sai an yi rigima da shi yake sha. Suka dawo da takardunsu a leda, aka ba jikana jan addu'a tun da idon Dede ya yi rauni. Ba wanda ya ce masa komai. Yana zaune a wurinsa na kullum, ana gaishe shi "Papa, Papa," mu duka muna zaton ba abin da ya canja.

A ƙa'idarmu sai maza goma sun cika ake fito da littafin Attaura, kuma sai da goma mai makoki ke yin addu'ar tunawa da mamacinsa. Ba a ƙirga mutane da ɗaya, biyu, uku. Akwai aya mai kalma goma, mai jan addu'a ya bi kawuna da yatsa, kowane kai kalma ɗaya, in ayar ta ƙare an cika. Dede ne ya koya musu wannan ma. Asabar ɗin da nake magana, matar Dede ta cika shekara da rasuwa, ya zo yi mata addu'a. Tun da sassafe na biya masa, muka tako a hankali, sanda a hannu ɗaya, ni a ɗayan. Damina ce, mutane ba su fito sosai ba. Daga bencin mata na duba na ga maza goma daidai, har da shi, na ce alhamdu lillahi. Jikana ya miƙe ya fara bin kawuna. Ina kallon yatsan nan ya zo kan Dede, ya ɗan tsaya a iska, ya tsallake zuwa na kusa da shi. Ayar ta tsaya a kalma ta tara. Ya rufe littafinsa ya ce, "Saura mutum ɗaya. Mu jira."

Ba wanda ya ɗaga kai. Dede yana tsaye da mayafinsa, bakinsa a shirye, ya juya yana duban ƙofa shi ma, yana zaton wani ne ya fita. Sai da ya ga ba wanda yake son haɗa ido da shi sannan ya gane. Ya lallaɓa ya zauna. Mun fi rabin awa a haka, ruwa yana ɗiga daga kwano. Can na ji ƙarar babur daga nesa, ta zo ta mutu a wajen mangwaron kwana, inda suke zaton kunnen tsofaffi ba ya kaiwa. Jim kaɗan sai ga wani yaro ya shigo yana tafiya a hankali kamar wanda ya tako daga gida, ƙafar wandonsa duk feshin taɓo. A Zonkwa yake koyarwa, yana da takarda. Yatsa ya sauka a kansa, aya ta cika, aka buɗe akwatin littafi. Aka ce, "Papa, za ka iya yin addu'arka yanzu." Ya tashi ya yi.

Ko takalmi ban gama sawa ba na tare jikana a ƙofa. Na ce, "Kai, wa ya koya maka ayar da ka tsallake shi da ita?" Ya ce, "Mama, ba ni ne ya yi dokan ba. Papa ba shi da pepa. In na ƙirga shi, mutanen waje za su ce addu'an mu duka bai yi ba." Na ce wanda ya hau babur ran Asabar fa, shi addu'arsa ta yi? Ya ce wannan tsakaninsa da Allah ne, amma shi a doka Bayahude ne. Na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Har yau in na tuna raina tafasa yake. Mutumin da ya ajiye shebur a Zonkwa ya zubar da aikin rayuwarsa, an bar shi a zaune ana jiran wanda ya taso daga Zonkwa ɗin a kan babur.

Na zaci Dede zai fi ni fushi. Na so ya ce ba zai sake taka wurin ba, in ce ni ma haka, mu yi addu'armu a gida su ci majami'arsu. Bayan kwana uku na kai masa kunu, ya ce in malaman nan sun sake zuwa a kai shi. Na ajiye kofin har ya fantsama. Na ce, "Dede, da furfurarka? Su tuɓe ka a kogi kamar jariri?" Ya ce, "Kin ga wandon yaron nan?" Na ce na gani. Ya ce, "Muddin ba a ƙirga ni, duk ranar da suka zama tara sai sun kira shi, shi kuma sai ya hau. Ni ne nake ɗora shi a babur ɗin." Na ce ba ruwansa, girman kansu ne. Ya ce, "Nawa girman kan ne zan iya gyarawa."

Ya tafi. Jikana ne ya riƙe shi a mota, shi ya riƙe shi a bakin kogi. An ce malaman sun yi masa tambaya biyu suka daina, don amsar ta fi tambayar tsawo. Suka dawo da takarda a leda kamar ta kowa. Asabar ta zagayo, yatsa ya sauka a kansa, ban ji daɗi ba, ban kuma ji haushi ba. Aka fito da littafi, aka zo kiran wanda zai hau ya yi albarka a kansa. Tun da muka fara wannan al'ada, da sunan mutum da na ubansa ake kira. Jikana ya ɗaga murya, don girmamawa wai, ya kira Dede farko. Ya faɗi sunansa, sannan ya ce ɗan Ibrahim. Ashe haka dokar take, ba wanda ya gaya mini: duk wanda ya shiga ta kogi sabon shiga ne, ba a kiransa da sunan uban da ya haife shi.

Dede ya riga ya taka biyu. Ya tsaya cak a tsakiyar ɗaki, ya dogara da sanda. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Ɗan Okorie ne! Ubansa yana da suna!" Matan kusa da ni suka kama zanena. Jikana ya ce, "Mama, don Allah." Dede ya juyo wajen muryata ya ce, "Zauna." Na zauna. Ya ƙarasa, ya kama gezar mayafinsa ya taɓa littafin, ya yi albarkar da ka, tun da idon ba ya ganin rubutu.

Muka kama hanyar gida. Ina riƙe da hannunsa ina jira ya fara yi mini faɗan tada murya a gaban littafi. Sai da muka zo tsallaka tsohon dogo, inda ciyawa ta cinye ƙarfen, ya tsaya yana mai da numfashi. Ya ce da Igbo, "Da ƙarfi kika faɗa? Kunnen nan nawa ba ya ji sosai yanzu." Na ce ko masu wucewa a titi sun ji. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga sanda ya nemi wurin taka ƙafa. Ya ce, "To, ki zo Asabar mai zuwa ma."

Ina zuwa. Duk ranar da aka kira shi sai na miƙe na faɗa, su kama zanena, shi ya ce in zauna.